Yarinyar Bern da tumaki 870

A karkarar Bern, cikin ƙasar Suwizalan, an yi wasu 'yan mata biyu, ya da ƙanwa, waɗanda suka yi kama har mutane kan kira wannan da sunan waccan. Babbar sunanta Maria, shekararta 11. Abin da ya raba ta da ƙanwarta shi ne maƙoƙo da ya fito mata a wuya. Ran 8 ga Janairu 1874 wani matashin likitan fiɗa mai suna Theodor Kocher ya yi mata tiyata, ya cire maƙoƙon ɗungurungum, bai bar ko ɓurɓushi ba. Ba ta zubar da jinin a-zo-a-gani ba, ciwon bai yi ruwa ba, muryarta kuma tana nan. Aka sallame ta, ta koma gida, aka rubuta a littafin asibiti cewa aiki ya yi kyau.

A mizanin wancan zamani kuwa ya yi kyau ƙwarai. Maƙoƙo kumburi ne na wata 'yar tsoka da ke kwance a gaban maƙogwaro, mai fiffike biyu kamar malam-buɗe-littafi, wadda likitoci ke kira tairod. Jijiyoyin jini sun yi mata ƙawanya ta ko'ina, saboda haka taɓa ta da wuƙa kasada ce. Kafin tsakiyar ƙarni na 19, cikin kowane mutum 10 da aka yi wa wannan aiki kusan 4 ba sa tashi, ko jini ya ƙare musu a kan tebur, ko ciwon ya ruɓe daga baya. A 1866 wani babban likitan Amurka, Samuel Gross, ya kwatanta aikin da mummunar fawa, ya ce likita mai hankali da riƙon amana ba zai kusance shi ba. Amma a tsaunukan Suwizalan ba yadda za a kauce masa. Ƙanƙara da ruwan sama sun daɗe da wanke sinadarin aidin daga ƙasar noma, abinci ba shi da shi, ruwan sha ba shi da shi, tairod kuwa idan ta rasa aidin kumbura take yi. Akwai garuruwan da mai santalan wuya shi ne abin kallo. Wani maƙoƙon yakan girma ya danne hanyar numfashi, mutum yana ji yana gani ya shaƙe.

Kocher ya zama shugaban sashen tiyata a Jami'ar Bern a 1872, yana da shekara 30. Mutum ne mai nutsuwa da tsantseni. Ba ya gaggawa, yakan ɗaure kowace jijiya kafin ya yanke ta, ya kuma karɓi koyarwar Joseph Lister ta tsabtace hannu da kayan aiki da rauni. A hannunsa mace-macen suka yi ƙasa. Tsaftar aikinsa ita ce kuma ta jawo abin da ya faru da Maria, domin inda wani likitan zai bar guntun tsoka saboda sauri, shi sai ya kwashe duka.

Ba a rufa shekara ba likitan garinsu, August Fetscherin, ya sanar da Kocher cewa yarinyar ta canza. Da tana da fara'a da kazar-kazar, yanzu ta zama shiru-shiru, ga saurin fushi, ba ta taɓa aiki sai an tilasta mata. Kocher bai ɗauki maganar da nauyi ba. Ni wannan wurin ne ya fi tsaya mini a rai, domin na san abin da ake cewa da yarinyar da ta koma haka a cikin gida. Malalaciya za a ce, ko mai taurin kai, wani ma ya ce dukanta ya kamata a yi. Ba wanda zai kawo a ransa cewa abin da ke hura wutar jikinta ne aka cire aka jefar, tun da a lokacin likitocin da kansu ba su san amfanin tairod ba. Wasu na cewa tana daidaita jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa, wasu na ganin ba ta da wani aiki sai cika wuya.

Shekara 8 ta wuce. A watan Satumba 1882 wani likitan fiɗa na Janeba, Jacques-Louis Reverdin, ya gaya wa 'yan uwansa likitoci cewa ya lura da wani abu game da mutanen da ya cire wa tairod gaba ɗaya: bayan wata biyu ko uku sai su fara kasala, fuska da hannu su kumbura, fata ta koɗe. Sun haɗu da Kocher a wani taro a Janeba cikin wannan watan, maganar ta shiga tsakaninsu. Nan Kocher ya tuna da wasiƙar Fetscherin. A watan Fabrairu 1883 ya sa aka kawo masa Maria.

Shekararta 20 a lokacin. Ƙanwar da ake rikita su da ita ta zama cikakkiyar budurwa kyakkyawa. Maria kuwa tana nan kusan yadda ya bar ta, gajeriya, fuska a kumbure, magana da ƙyar, tunani a daskare. Akwai hotunan 'yan matan biyu, na kafin tiyata da na bayan shekara 9, har yau ana buga su a littattafan likitanci. A na farko Maria ce ta fi tsawo. A na biyu ƙanwar ta kere ta nesa ba kusa ba, wanda bai sani ba sai ya ce uwa ce da 'yarta.

Abin da Kocher ya yi bayan haka ya cancanci yabo. Bai ɓoye ba. Ya aika wa tsofaffin majinyatansa takarda ya ce su dawo ya duba su. Cikin mutum 34 da ya cire wa tairod ɗungurungum, 18 suka zo, 16 daga cikinsu kuwa duk labarin ɗaya ne: jin sanyi, nauyin jiki, nauyin baki, mantuwa, bushewar fata, zubar gashi. Yaran cikinsu sun daina girma, waɗanda ke kan gaba a makaranta sun koma baya. Waɗanda aka cire wa ɓari guda aka bar musu ɗaya kuwa lafiyarsu lau. A watan Afrilu 1883 ya tsaya a gaban taron likitocin fiɗa na Jamus a Balin ya karanta sakamakon, ya raɗa wa ciwon suna cachexia strumipriva, wato lalacewar jiki bayan cire maƙoƙo. Ba ƙaramin abu ba ne mutum ya tara sa'o'insa ya nuna musu ɓarnar hannunsa. Sai dai bai ba Reverdin haƙƙinsa na wanda ya fara gani ba, rigimar da ta biyo baya kuma ta daɗe ba ta mutu ba. Fassarar da ya fara yi wa abin ma kuskure ce, domin ya ɗauka tiyatar ce ta raunana maƙogwaro har iska ta daina isar jiki.

Daga Landan aka warware ƙullin. Tun a 1873 William Gull ya ba da labarin wasu mata manya da jikinsu ke komawa haka ba tare da an yi musu tiyata ba, bayan 'yan shekaru William Ord ya sa wa ciwon suna miksidima. A watan Nuwamba 1883 wani likitan maƙogwaro, Felix Semon, ya ce da wannan ciwon, da na majinyatan Kocher, da na yaran tsaunuka da ake haifa ba sa girma ba sa wayo, duk abu ɗaya ne: rashin aikin tairod. Aka yi masa dariya, sannan aka kafa kwamiti. Victor Horsley ya cire wa birai tairod, suka kamu da irin ciwon. A 1888 kwamitin ya fitar da rahoto, ya gaskata Semon.

To an san abin da ya ɓace. Saura yadda za a mayar da shi. Kocher ya gwada dasa guntun tairod a jikin majinyaci tun a 1883, ya ɗan yi amfani, sannan jiki ya cinye shi. A 1890 wasu likitoci biyu a Lisbon, Bettencourt da Serrano, suka dasa wa wata mata tairod ta tunkiya a ƙarƙashin fata. Ta samu sauƙi tun a ranar farko, da wuri ƙwarai har ba zai yiwu a ce dashen ya kama ba. Ashe ruwan da ke cikin tsokar ne ya tsiyaya cikin jikinta.

A Newcastle, arewacin Ingila, akwai wani matashin likita, George Murray, ɗalibin Horsley, shekararsa 25. Ya ce in dai ruwan ne ke aiki, me zai hana a tatse shi a yi allura da shi? Da ya kawo shawarar a taron likitocin yankinsu a farkon 1891, wani dattijo cikinsu ya mayar da ita abin ba'a. Murray bai fasa ba. Ya samo tairod ta tunkiyar da aka yanka a take, ya yayyanka ta, ya jiƙa cikin gilisarin da ɗan ruwan kabolik don kashe ƙwayoyin cuta, ya bar ta ta kwana, ya tace da ƙyalle mai tsafta. A watan Afrilu 1891 ya fara yi wa wata mata mai shekara 46 allurar wannan ruwan, sau biyu a mako. Ita ba tiyata aka yi mata ba, tairod ɗinta ce ta daina aiki da kanta, amma ciwon nata da na Maria duk ɗaya ne. Ta yi shekaru tana fama, fuska ta kumbura, magana ta yi nauyi, al'ada ta ɗauke, gumi ya daina fita, aikin gida ya gagare ta.

Cikin wata 3 kumburin ya saɓe. Fata ta yi laushi, gumi ya dawo, al'ada ta dawo, bakinta ya saki, tunaninta ya buɗe, ta koma tafiya da ƙafarta. Ciwon da kowa ya sallama cewa ba ya da magani, ga shi ya ja da baya saboda abin da mahauta ke jefarwa a kwata. Shekara guda bayan haka Hector Mackenzie da Edward Fox, kowa a nasa wurin, suka nuna cewa ba sai an yi allura ba, ko ta baki aka ci yana aiki. Aka shiga ba majinyata tairod ta tunkiya ɗanya ko an ɗan soya ta sama-sama, daga baya aka koma busar da ita ana dakawa ana yin ƙwaya. Kocher ma ya koma ba nasa majinyatan, ya kuma bar cire tairod gaba ɗaya in ba dole ba. Tsakanin ranar da aka yi wa Maria aiki da ranar da Murray ya soka allurarsa ta farko shekara 17 ne, shekarun da yarinya ke girma ta zama mace.

Sauran labarin na masana sinadarai ne. Eugen Baumann ya gano aidin a cikin tairod a 1895. Edward Kendall, a asibitin Mayo na Amurka, ya tace ainihin sinadarin ran Kirsimeti na 1914, ya kira shi tairoksin. Sai da ya sarrafa kusan tan 3 na tairod ɗin aladu kafin ya tara gram 33. Charles Harington ya gano ƙirarsa a 1926, shi da George Barger suka haɗa shi a ɗakin gwaji a 1927, a 1949 kuma aka samu hanyar sarrafa shi da yawa ba tare da dabba ba. Shi ne 'yar ƙwayar nan da ake rubuta wa levothyroxine a jikin kwali. Kocher ya karɓi kyautar Nobel a 1909, likitan fiɗa na farko da ya samu, ya rasu a 1917 bayan an yi aikin maƙoƙo fiye da 5,000 a asibitinsa, wanda ke mutuwa bai kai 1 cikin 100 ba. Suwizalan ta fara sa aidin a gishiri a 1922, maƙoƙo ya yi ta ja da baya. Nijeriya ta bi wannan hanya a 1993, shi ya sa yaran yanzu ba su san yawan matan da a da ke naɗe wuya da mayafi don ɓoye shi ba.

Akwai wani abin mamaki da ya daɗe yana ɗaure wa likitoci kai. Majinyatan Kocher miksidima ke kama su, amma na Theodor Billroth, gwanin Biyana, wani abu daban ke samunsu: kwana ɗaya ko biyu bayan aiki sai hannu ya ƙandare, jiki ya kama fizga, wasu su mutu. William Halsted na Amurka, wanda ya ga aikin mutanen biyu da idonsa, ya ce bambancin daga halinsu yake. Billroth mai sauri ne, yakan bar guntun tairod, amma yakan haɗa da wasu ƙananan tsokoki 4 da ke manne a bayanta, kowace ba ta fi ƙwayar shinkafa ba. Kocher kuwa yakan kwashe tairod tas, ya bar waɗannan a wurinsu. Sunansu paratairod, wani ɗalibin likita a Suwidin, Ivar Sandström, ya bayyana su a 1880, aikinsu kuma daidaita kalsiyam a jini. Har gobe wannan ne abin da ake sa wa ido a kwana ukun farko bayan tiyata. Wanda ya ji leɓensa ko yatsunsa suna tsikari kamar tururuwa na bi, ko tsoka na ɗaurewa, ya gaya wa ma'aikatan jinya nan take, kada ya ce bari gari ya waye. Ƙwayar kalsiyam, wani lokaci da bitamin D, kan gyara abin, yawanci kuma cikin makonni ko 'yan watanni tsokokin kan farfaɗo a daina shan. Dishewar murya ma takan faru, saboda jijiyar da ke motsa murya ta bayan tairod ta bi, galibi takan washe da kanta.

Tairoksin kuwa ba a daina shi. Wanda aka cire wa ɓari guda, sau da yawa ɓarin da ya rage kan wadatar, gwajin jini ne zai nuna. Amma wanda aka cire wa duka, shi da ƙwayar nan mutu-ka-raba. Mu kuwa mun saba da maganin da ake sha a warke a ajiye, kamar na zazzaɓin cizon sauro. Wannan ba ya warkar da komai, gurbin wata gaɓa yake cikewa, kamar yadda ƙafar roba ke tsaya wa wanda aka yanke wa ƙafa. Yana da wata yaudara kuma: yakan daɗe a jini, sai an yi kusan mako guda kafin rabinsa ya fita. Mace ta daina sha saboda kuɗi sun yanke, ko don wata ta ce mata ai ta warke, ta yi mako biyu ba ta ji komai ba, ta ce ashe da ma wahalar banza nake yi. Sai a hankali sanyi ya fara kama ta a tsakiyar bazara, barci ya yi yawa, ciki ya bushe, jiki ya yi nauyi, ta ajiye abu ta manta inda ta sa. Saboda abin a sannu yake zuwa, ita ba ta alaƙanta shi da ƙwayar, mutanen gida kuma su fara cewa ta zama malalaciya, irin maganar da aka yi wa Maria a 1874.

Saɓanin wancan lokaci, yanzu ana iya auna abin. Babban mutum da ba shi da tairod yakan fara da kusan maikirogram 1.6 a kan kowane kilo na nauyinsa, tsofaffi da masu ciwon zuciya kuma da ƙasa da haka ake fara musu. Bayan mako 6 zuwa 8 a ɗebi jini a yi gwajin TSH, wato saƙon da wata tsoka a gindin ƙwaƙwalwa ke aikawa tana neman ƙarin tairoksin. Idan ya hau, maganin ya yi kaɗan. Idan ya faɗi ƙasa sosai, ya yi yawa, alamunsa kuwa faɗuwar gaba, rawar hannu, yawan gumi, rama da rashin barci, in aka daɗe a haka ya taɓa zuciya da ƙashi. Wanda aka yi wa aiki saboda ciwon daji, likita kan ɗan ƙara masa da gangan. Mace mai ciki buƙatarta takan ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100 tun a makonnin farko, domin ƙwaƙwalwar ɗan tayi da tairoksin ɗin uwa take fara ginuwa, saboda haka da ta ga ɓatan wata ta nufi likita.

Yadda ake shan sa ma yana da ƙa'ida, kuma a nan abincinmu ya shigo. Da ruwa zalla ake haɗiye shi, ciki ba komai, a jira rabin awa zuwa awa ɗaya kafin karin kumallo. Wadda ta kora shi da shayi mai madara, ko ta bi shi da awara, wani kason maganin ba zai shiga jini ba, domin madara da waken suya suna riƙe shi a hanji. Ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu ciki a wurin awo, da ta kalsiyam, da farin ruwan nan na gyambon ciki, sai an raba su da shi da awa 4. Wannan yakan rikita waɗanda aka sallama daga asibiti da kalsiyam da tairoksin a leda ɗaya, su riƙa watsa su baki tare. Da azumi wasu kan tashi su sha kafin sahur da ɗan tazara, wasu kuma da daddare bayan awa 3 da cin abinci, gwargwadon yadda suka shirya da likitansu. Zafi da haske suna rage masa ƙarfi, don haka bakin taga ko aljihun mota a watan Afrilu ba wurin ajiyarsa ba ne.

Murray bai rabu da majinyaciyarsa ba. Bayan allurai ta koma shan ruwan tairod ta baki, ta ci gaba da sha shekara da shekaru, tana harkokinta kamar kowa. Ta rasu a 1919 da ciwon zuciya, tana da shekara 74, wato shekara 28 bayan allurar farko. A 1920 Murray ya rubuta tarihin jinyarta a mujallar likitocin Birtaniya, ya yi lissafin abin da ta sha tun daga 1891: fiye da lita 5 na ruwan tairod, wanda aka tatso daga wuyan tumaki sama da 870.